TAYI DABAN, SHAWARA DABAN

Yau gyara za mu yi a kan kalmomin Turanci biyu, offer da suggest, waɗanda masu fassara ke yi wa kuɗin goro.

Ku je kasuwar Tsafe wajen 'yan tumaki. Mai saye ya dubi rago ya faɗi abin da zai biya, mai rago ya ce "albarka". Ya ƙara, aka ce "an sallama". Daga nan ciniki ya faɗa, ba zancen janyewa. Wannan shi ne tayi, shi ne offer. Mai tayi yana da abin a hannunsa, kuma maganarsa ta ɗaure shi. Haka in baƙo ya iske ka kana cin tuwo ka ce "bismilla", tayi ka yi masa.

Suggest kuwa ba ta ɗaure kowa. In abokinka ya ce, "Ina ganin gara mu bar Bunguɗu kafin la'asar mu kwana Gusau," shawara ya kawo, ko ka ɗauka ko ka bari. In ya ɗora mata nauyin saninsa, kamar likita ya ce wannan magani ya fi, ta zama recommend.

Kada ku ce wannan ƙaramin abu ne. A 2020 gwamnatin Bello Matawalle ta ce duk ɗan bindigar da ya miƙa AK-47 za a ba shi shanu biyu. Wannan tayi ne, domin gwamnati ce za ta ba da shanun. A 2021 Sheikh Ahmad Gumi ya shiga dazukan Zamfara, ya fito ya nemi a yi musu afuwa. Wannan shawara ce, don afuwa ba a hannunsa take ba. In mai fassara ya rubuta "an yi tayin afuwa" a nan, ya sa manomin da aka kora daga gonarsa ya ɗauka hukuma ta riga ta yanke magana. Ka ga kalma ɗaya ta sauya labari.

Sai kuma ku 'yan WAEC da NECO. Kullum ina jin "I am offering Hausa." A daidaitaccen Turanci makaranta ce ke offering, kai taking kake yi. Haka "suggest me a book" kuskure ne, a ce "suggest a book to me". Amma "offer me a seat" daidai ne.

Ga ma'auni mai sauƙi. Kafin ka fassara, tambayi kanka: in aka amsa da "to, na yarda", wa zai cika alkawari? In mai maganar ne, tayi ne. In ba shi ba ne, shawara ce.

To, wanda ya ce wa yarinya "Will you marry me?", Bature ya ce propose ya yi. A Hausa fa, tayi ne ko shawara? Ina jiran amsarku da hujja.