Jin Ta Bakin Kowa Bai Isa Adalci Ba: Nazari Kan Yadda Ake Ba da Labarin Falasɗinawa

Da safiyar 11 ga Mayun 2022 aka harbe Shireen Abu Akleh, wakiliyar Al Jazeera, a bakin sansanin 'yan gudun hijira na Jenin da ke Gaɓar Yamma da Kogin Jordan. Tana sanye da rigar sulke mai alamar 'yan jarida da hular kwano, harsashin ya same ta a kai, a ƙasan hular. Abokin aikinta Ali al-Samoudi, wanda shi ma aka harba a baya, ya faɗa daga gadon asibiti cewa sojojin Isra'ila ne suka buɗe musu wuta, kuma babu wani ɗan bindiga a kusa da su. A ranar ce firaministan Isra'ila na lokacin, Naftali Bennett, ya ce da alama 'yan bindigar Falasɗinawa ne suka kashe ta, aka kuma saki wani bidiyo na wasu matasa suna harbi a wani lungu. Kafin faɗuwar rana ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta B'Tselem, wadda ta 'yan Isra'ila ce, ta tura ma'aikacinta wannan lungu, ya nuna cewa daga nan ko hango inda Shireen ta faɗi ba a yi.

Duk da haka, labarin da ya zaga duniya a kwanakin farko shi ne an kashe 'yar jarida yayin wani samame, kuma ɓangarorin biyu na zargin juna. Daga baya ne AP da CNN da Washington Post da New York Times da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi bincike, kowa da nasa, duk suka nuna inda sojoji suke tsaye. A watan Satumba rundunar Isra'ila ta ce akwai yiwuwa sosai harsashin sojanta ne ya same ta bisa kuskure, ta kuma ce ba za ta tuhumi kowa ba. Wata huɗu ke nan. Mutum nawa cikin waɗanda suka ji labarin farko suka tsaya jin na ƙarshe?

Al'adar da ta haifi jimlar nan ta zargin juna tsohuwa ce a aikin jarida, kuma asalinta mai kyau ne. Ana koya wa ɗan jarida tun yana sabon shiga cewa kada ya buga zargi sai ya tuntuɓi wanda ake zargi, kada ya sa ra'ayinsa a labari, ya jingina kowace magana ga mai ita. Wannan ya kare mutane da yawa daga ƙazafi, kuma ba na fatan a wayi gari an jefar da shi. Amma an mayar da matakin farko ya zama ƙarshen aiki. Alƙali yana jin mai ƙara, yana jin wanda ake ƙara, to amma ba ya karanta maganganun biyu ya tashi kotu. Sai ya kira shaidu, ya auna hujja, ya faɗi abin da ya tabbata. Ɗan jaridar da ya jera maganar wanda harsashi ya huda wa baya da maganar ofishin da ke da buƙatar wanke kansa, ya ba su nauyi ɗaya, ya tafi, bai yi adalci ba. Ya bar wa mai sauraro aikin da shi aka ɗauka ya yi.

Kuma wannan rabon daidai ba ya cutar da kowa daidai. Hukumar da ke da kakaki mai jin harsuna da ofishin da ke amsa waya dare da rana ita ke cin ribarsa, domin abin da take buƙata kawai shi ne ta jefa shakku a ranar farko, ranar da kunnen duniya ke buɗe. Ba sai an yarda da ita ba. Ya ishe ta a ce ana taƙaddama.

Abin da ya faru a Rafah da ke Gaza ranar 23 ga Maris na 2025 ya fi nuna wannan ƙarara. Sojojin Isra'ila sun buɗe wuta kan motocin ɗaukar marasa lafiya da motar kashe gobara, suka kashe ma'aikatan agaji 15: takwas na ƙungiyar Red Crescent, shida na hukumar kare fararen hula, ɗaya ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya. Aka binne su cikin yashi tare da motocinsu, sai bayan kusan mako guda aka samu izinin tono su. Bayanin rundunar shi ne motocin sun tunkaro sojoji cikin yanayi mai sa zargi, ba fitilu, ba alamar gaggawa. Haka aka buga shi gefe da gefe da bayanin Red Crescent. Sai aka samu waya a jikin ɗaya daga cikin mamatan, ashe ya ɗauki bidiyon mintunansa na ƙarshe: fitilun gaggawa na walƙiya, alamun motocin a bayyane, ma'aikatan cikin kayan aikinsu, shi kuma yana ta kalmar shahada. Da New York Times ta fitar da bidiyon, rundunar ta janye maganarta ta farko, daga baya ta sallami wani mataimakin kwamanda. Abin da ke damuna a nan shi ne sa'a ce ta fito da gaskiyar, ba tsarin aikin jarida ba. Da wayar ta lalace a cikin yashin nan, da har yau maganar tana nan a matsayin kowa da abin da ya ce.

Wanda aka kama da bayanin da ba daidai ba a Jenin, aka sake kama shi a Rafah, ya kamata maganarsa ta gaba ta zo da wannan tarihin a jikinta. Amma dubi inda ake rataya alamar shakku. Kusan duk lokacin da aka ambaci adadin mamatan Gaza sai an ƙara cewa Hamas ce ke gudanar da ma'aikatar lafiyar da ta fitar da shi. Bayanin gaskiya ne, haka ma cewa alƙaluman ba sa rarrabe mayaƙi da farar hula, kuma mai sauraro na da haƙƙin sanin duka biyun. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne a yaƙe-yaƙen baya, irin na 2014 da 2021, alƙaluman ma'aikatar sun zo kusa ƙwarai da waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tantance daga baya. Sanda shugaban Amurka na lokacin, Biden, ya ce bai amince da adadin ba, a ƙarshen Oktoban 2023, washegari ma'aikatar ta fitar da sunayen mutum sama da 6,700 da shekarunsu da lambar katin shaidarsu, kuma rajistar da lambobin suka fito a hannun Isra'ila take. In za a tuna wa mutane wa ke riƙe da ma'aikatar lafiya a kowane labari, to a tuna musu kuma, a kowane labari, yadda bayanan kakakin soja suka ƙare a baya.

Ma'aunin nan ɗaya kuwa yana hawa kan kowa, har da ɓangaren da zuciyar mutum ke tare da shi. A ranar 7 ga Oktoban 2023 mayaƙan Hamas da wasu ƙungiyoyi sun kashe kimanin mutum 1,200, akasarinsu fararen hula, suka yi garkuwa da kimanin 250, ciki har da yara da tsofaffi. Wanda ya ƙi faɗin haka don yana tausayin Gaza ya zubar da darajar sauran maganarsa. Da aka samu fashewa a harabar asibitin Al-Ahli ranar 17 ga wannan watan, kafofi da dama sun yi saurin ɗora wa Isra'ila. New York Times ta amsa cewa ta dogara fiye da kima da bayanin jami'an Gaza, kuma binciken Human Rights Watch ya karkata ga cewa roka ce irin wadda ƙungiyoyin Falasɗinawa ke harbawa. Wannan gyara wajibi ne. Amma a makon da ya gabaci wannan, labarin jarirai 40 da aka ce an fille wa kai ya hau shafukan farko na jaridu a Ingila, shugaban Amurka ya ce ya ga hotuna, fadarsa ta janye maganar, ba a taɓa tabbatar da labarin ba, kuma ba a ga irin waccan nadamar a kansa ba. Ƙarya irin wannan tana da farashi, domin ita ke shirya zukata su karɓi abin da za a yi wa mutanen da aka ce sun aikata ta.

Akwai wata matsala da ta fi waɗannan zurfi, wato inda ake fara labari. A 2004 Greg Philo da Mike Berry na Jami'ar Glasgow suka fitar da nazari kan labaran talabijin na Birtaniya, suka gano cewa masu kallo da yawa ba su san wa ke mamaye da wa ba, har wasu na zaton Falasɗinawa ne 'yan mamayar. A 2006 wani kwamiti mai zaman kansa da BBC ta kafa a ƙarƙashin Quentin Thomas ya ce bai ga son kai da gangan ba, amma labaran ba sa nuna cewa ɓangare ɗaya ne ke riƙe da iko, ɗayan kuma yana rayuwa a ƙarƙashin mamaya. Dalilin a fili yake. Labari yana son abin da ya fashe yau, mamaya kuwa ba ta fashewa, kullum tana nan. Bafalasɗine a Gaɓar Yamma kotun soja ke yi masa shari'a, ɗan kama-wuri-zauna da ke kan tudun da ke kallon gidansa kuma kotun farar hula. Ana iya tsare mutum wata shida ba tuhuma, bisa hujjar da shi da lauyansa ba za su gani ba, a yi ta sabuntawa. Kusan kashi 60 cikin ɗari na yankin yana ƙarƙashin cikakken ikon Isra'ila, inda samun izinin gini ke da matuƙar wuya, sannan a rushe gidan da aka gina ba izini. B'Tselem da Human Rights Watch a 2021, da Amnesty a 2022, duk sun kira tsarin wariya, Isra'ila ta musanta, a Yulin 2024 kuma Kotun Duniya ta ba da fatawar cewa zaman mamayar haramtacce ne. Ranakun da waɗannan abubuwan na mamaya kaɗai ke faruwa su ake kira lokacin zaman lafiya a labarai. Saboda haka duk sanda aka buɗe kyamara, Bafalasɗine ne ya fara, Isra'ila kuma martani take mayarwa. Karin maganar nan ta in ɓera da sata daddawa ma da wari ta dace da maƙwabta biyu masu ƙarfi ɗaya. Ba ta dace da wanda ke riƙe da shingen bincike da wanda ke tsaye a layi ba.

Tun daga Oktoban 2023 Isra'ila ta hana 'yan jaridar waje shiga Gaza don kansu, sai dai a bayan sojoji, su ga abin da aka nuna musu. Nauyin ya koma kan 'yan jaridar Gaza, masu aiki da yunwa a cikinsu da iyalai a tanti. An kashe matar ɗaya daga cikinsu, Wael al-Dahdouh, da ɗansa da 'yarsa da jikansa, ya koma gaban kyamara. Bayan wata biyu da rabi aka kashe babban ɗansa Hamza, shi ma ɗan jarida. Kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya ƙirga mutum 124 da aka kashe a wannan sana'a a duniya a 2024, kusan kashi 70 cikin ɗari a hannun Isra'ila. A Agustan 2025 aka kashe wakilin Al Jazeera Anas al-Sharif da abokan aikinsa a tantinsu kusa da asibitin Al-Shifa, rundunar ta ce ɗan Hamas ne, Al Jazeera ta musanta. Bayan mako biyu hari biyu a jere kan asibitin Nasser suka kashe 'yan jarida biyar, ciki har da masu yi wa Reuters da AP aiki. To idan an rufe wa baƙo ƙofa, an kashe ɗan gida ko an shafa masa kashin kaji, sannan edita a London ya rubuta cewa ba a iya tabbatar da labarin daga wata majiya mai zaman kanta ba, adalci na buƙatar ya faɗi wanda ya hana tabbatarwar.

Mu da ke sauraro da karatu da Hausa, mafi yawan labarin nan fassara ce ke kawo mana shi daga manyan kamfanonin dillancin labarai, don haka muna gadon duk wani karkata da ke cikinsa ba tare da mun ga inda ya shigo ba. Sannan muna ƙara namu. Hotunan yaƙin Siriya sun sha yawo a WhatsApp da sunan Gaza, kuma mai turawa yana ganin taimako yake yi, alhali yana miƙa wa masu musanta ta'asar makamin da suke nema. Mun kuma saba sa wa rikicin rigar addini zalla, kowa ya bi layin masallacinsa ko cocinsa. Shireen Kirista ce, kuma masu ɗauke da akwatin gawarta 'yan sandan Isra'ila suka daka da kulake a harabar asibitin Saint Joseph a Ƙudus har ya kusa faɗuwa. An kai hari harabar cocin Saint Porphyrius a Gaza mutane na fake a ciki. Haka kuma ba kowane mai zaluntar Bafalasɗine ne Ba'isra'ile ba. Hamas ta murƙushe zanga-zangar tsadar rayuwa a Gaza a 2019 da duka da kame. A Yunin 2021 jami'an tsaron Hukumar Falasɗinawa suka kama Nizar Banat a Hebron, mutumin da ya yi suna wajen sukar hukumar a Facebook, suka lakaɗa masa duka, ya mutu a hannunsu. A Janairun 2025 wannan hukumar ta dakatar da Al Jazeera a Gaɓar Yamma, wata takwas bayan Isra'ila ta rufe ta a nata ɓangaren.