Gayya a Ajin Injiniya: Tsokaci a Kan Kwas ɗin Shekarar Farko

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin tsokaci a kan ra'ayin nan da ke cewa a gina kwas ɗin farko na aikin injiniya bisa aikin rukuni-rukuni maimakon lacca zalla. Mun yarda da ra'ayin, sai dai muna ganin akwai gyara wajen zartar da shi.

2.0 Inda Aka Fito

Tun daga 1973 da aka ɓullo da shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu, sai aka saba da cewa ka'ida aikin aji ce, aikin hannu kuwa sai an fita waje. A makarantu irin su Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, fitar takan zo ne bayan shekarar farko. Amma a 2023 hukumar COREN ta zama cikakkiyar wakiliya a Yarjejeniyar Washington, wadda ta sanya iya aiki cikin ƙungiya a jerin abubuwan da ake nema ga injiniya. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3.0 Inda Gyaran Yake

Na farko, tara ɗalibai wuri guda ba shi ne aikin rukuni ba. A gayyar noma, kowa da kunyarsa. Wanda ya yi lalaci, kunyar da ya bari a baya ita za ta tona masa asiri. A aji kuwa sau da yawa mutum ɗaya ke rubuta rahoto, sauran su sa hannu, a ba kowa maki daidai. Muna ganin kada rukuni ya wuce mutum biyar, kowa da nasa ɓangaren, wato awo, lissafi, zane, ƙiyasin kuɗi da bayani, kuma malami ya yi wa kowa tambaya baki da baki.

Na biyu, matsalar da za a ba su ta zama ta gida. Ɗalibin da ya fito daga Bilbis ko Tsafe ko Bunguɗu ya san wahalar ruwa da rani. A sa rukuninsa ya ƙiyasta girman tankin da zai ishi unguwa guda daga rijiyar burtsatse. Haka nan ɓallewar madatsar ruwan Gusau a Satumba 2006, bayan ƙofofin sakin ruwa sun kasa aiki, darasi ne da ya haɗa lissafi da kula da kayan aiki da rayukan jama'a.

4.0 Kammalawa

Don haka muna ba wannan taro shawarar a raba makin kwas ɗin biyu: rabi na rukuni, rabi na ɗalibi shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma dole malami ya san hannun da ya ɗauka da wanda ya taɓa kawai.