Amshin Shata Ba Maimaici Ba Ne

Na gaji da jin wata magana a bakin wasu manazarta: wai Mamman Shata sa'ar murya kawai ya yi, waƙarsa ba ta da gini, layi ɗaya 'yan amshi ke ta nanatawa har kaset ya ƙare. Sai su ɗauko Narambaɗa da Ɗanƙwairo su ce ga inda ake saƙa waƙa. Gwanintar makaɗan fada ba abin musu ba ce, amma wanda ya auna Shata da mudunsu bai san hatsin da yake awo ba.

Tarihinsa ba ɓoyayye ba ne. An haife shi a Musawa a 1923, ya yi tallan goro da alewa, ya zauna Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtuwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa makwanci a Daura. Mai son ƙarin bayani ya nemi littafin Shata Ikon Allah na 2006, wanda cikin marubutansa akwai Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara. Ban yi mamaki ba da 'ya'yan wannan yanki suka ɗauki aikin, don da muryarsa aka yi renonsu, a tasha da kasuwa da bakin gona.

A Nashbil ta Amurka, cibiyar waƙar mutanen karkara, sau da yawa mai rubuta waƙa daban, mai rerawa daban, mai tsara sauti daban. Shata shi kaɗai ya riƙe ukun, a tsaye, gaban jama'a, kuma amshi ne linzamin da yake sarrafa su da shi.

A waƙar fada, 'yan amshi sukan karɓi ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa masa, wanda ke nuna an zauna an bita. Shata kuwa gajeren gindi yake dasawa tun farko, kalangu ya kama shi, shi ke nan ya sami fili. Ɗan lokacin da yaransa ke amsawa, a nan yake duba taro, ya hango wanda ya shigo, ya ƙera ɗan da zai biyo baya. A saurari waƙarsa Bakandamiya da kunnen basira. Wani wuri zai faɗa kan amshin tun bai sauka ba, sai ka ji waƙar ta yi zafi kamar doki ya ji ƙaimi. Wani wuri zai jero ɗiya masu tsawo ya hana su shiga, har mai sauraro ya ƙagu, sannan ya sake su. Kalmomin amshin ba su canja ba, amma nauyinsu ya canja, domin abin da ya gabace su daban ne kowane karo. Bayan kirari amshin tabbatarwa ne, bayan habaici ya zama dariyar taro. Wanda ya kira wannan maimaici, takarda ya karanta, bai saurara ba.

Ni a ganina asalin wannan salo aiki ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gayya a ƙasar Sabuwa ko Faskari ya san yadda gangar noma ke haɗa saran fartanya, ya kuma san yadda mata ke karɓa wa juna a bakin turmi. Amshi gajere na mutanen da hannunsu ke kan aiki ne, masu buƙatar abin da za su riƙe ba tare da sun tsaya ba. Shi ya sa direba da manomin auduga suka ɗauki Shata nasu.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake yi yanzu a situdiyo. A rera amshi sau ɗaya, a manna shi da kwamfuta wuri goma, duk numfashi ɗaya, ba mai jiran wani. Ga kuma rashin tsaro da ya rage gayya da wasan dare a ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wuraren da yaro ke fara koyon lokacin da ake shiga amshi da lokacin da ake dakatawa.