Inda Ji Ya Kori Gani: Lasifikokin da Na Harhaɗa da Hannuna

Tun farko gara in faɗi gaskiya, wannan sharhi na wanda so ya rufe wa ido ne. Wata shida ke nan da na ɗaure sukurun ƙarshe a jikin lasifikokin falona, amma har yau idan na kunna su sai na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Wanda yake neman sharhi mai sanyi ya nufi wani wuri.

Daren da na fara gwada su, fim ɗin Dune na 2021 na saka, wanda ya lashe kyautar Oscar ta fannin sauti. Da aka zo inda wata ƙatuwar tsutsa take tasowa daga ƙarƙashin rairayi, sai na ji kujerar da nake kai tana kaɗawa, kofunan shayi suna haɗa baki a kan tire. Uwargida ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Maigida, lafiya? Tirela ce ta shigo layinmu?" Na ce mata ta zauna ta ji. Amma abin da ya tayar mini da tsikar jiki ya zo ne daga baya, lokacin da uwar jarumin fim ɗin take magana ƙasa-ƙasa cikin tsoro. Na ji numfashinta, na ji inda muryarta ta karye. Sau uku na kalli fim ɗin a baya, ban taɓa sanin akwai wannan a ciki ba.

Ga abin da na harhaɗa. A gaba akwai manyan lasifikoki uku iri ɗaya, samfurin HTM-12 na DIY Sound Group, wani ɗan ƙaramin kamfani a Amurka da masu sha'awar wannan harka suka sani sosai. Kowacce tana da wufa mai inci 12 ta kamfanin Eminence da ke jihar Kentucky, wadda take fitar da sauti mai kauri, a samanta kuma akwai wani ƙaho mai faɗin baki da suke kira SEOS, wanda sauti mai kaifi yake fita ta cikinsa. Don rugugin ƙasa kuwa, na haɗa sabwufa biyu da Dayton Audio Ultimax mai inci 18, irin wadda Parts Express na jihar Ohio yake sayarwa, kowacce a cikin rufaffen akwati mai cin lita 113 ko kusa da haka. Kayan suna zuwa a warwatse: wufa daban, ƙaho daban, wata 'yar jaka cike da kwayil da kapasita da resista, sai zanen da zai nuna maka inda kowanne zai zauna. Ragowar aikin naka ne.

Mutane da yawa sun tambaye ni, me zai sa mutum ya ajiye akwatuna irin na masu kiɗan biki a falonsa, alhali ga 'yan siraran lasifikoki masu kyan gani a kasuwa? Amsar tana cikin lissafi, kuma lissafin mai daɗi ne. Ana auna kuzarin lasifika da yawan desibel ɗin da take bayarwa idan aka ba ta wat ɗaya aka tsaya tazarar mita ɗaya. Yawancin lasifikokin gida suna ba da wajen desibel 87. HTM-12 tana ba da kusan 97. Goma ce kawai a tsakani, sai dai a harkar sauti, ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka wutar amfilifaya sau biyu, ƙarin 10 kuma sau goma. Ma'aunin da ake haɗa sautin finafinai da shi ya yarda kowace lasifikar gaba ta kai desibel 105 a wurin da mai kallo yake zaune idan abu ya yi tsanani. To, a ce kana zaune mita huɗu daga allo. Nisan nan kaɗai yana cin desibel 12, ko da yake bangon ɗaki yakan maido da wani abu. A wannan lissafi, mai 87 tana neman wat 1,000 kafin ta kai, kuma kafin nan ta daɗe da ƙonewa. Mai 97 kuwa wat 100 ya ishe ta.

Wannan shi ne sirrin natsuwar da ake ji a muryarsu. Ƙaramar lasifika idan aka matsa mata sai ta fara ihu, sautin ya yi tauri, kunne ya gaji, hannu ya kai ga rimot. Babba kuwa tafiyarta take yi kamar ingarma ɗauke da yaro. Harbin bindiga yana fita fau ya wuce, bai bar maka ciwon kai ba, sa'an nan maganar da ta biyo baya ta fito tangaran. A da kullum rimot yana hannuna, in ƙara murya idan ana hira, in rage idan an fara faɗa. Yanzu sai in neme shi in rasa inda na ajiye.

Ba sabuwar dabara ba ce. Tun da fim ya fara magana a 1927 injiniyoyi suke fama da yadda za su cika babban zaure da amfilifaya mai 'yan wat kaɗan, kuma ƙaho ne ya fitar da su kunya. Da shi Altec ta yi lasifikokinta na Voice of the Theatre a shekarun 1940, da shi Paul Klipsch ya kafa kamfaninsa a garin Hope na jihar Arkansas a 1946. Har gobe idan ka leƙa bayan allon silima, manyan wufa da ƙaho za ka tarar. Duk wanda ya shiga Plaza ko Eldorado a Kano zamanin da suke tashe zai tuna yadda muryar jarumi take fitowa daga tsakiyar allo ta cika wuri. Irin wannan muryar ce ta dawo falona, sai dai an wanke ta tas.

Shi ƙahon SEOS kuma aikinsa ya wuce ƙara ƙarfi. Yana shimfiɗa sauti a faɗin ɗaki daidai wa daida, yana rage wanda zai bugi silin da daɓe ya dawo ya dagula magana. A gidajenmu masu tayil da bangon siminti wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Na karkatar da ta hagu da ta dama suka kalli tsakiya sosai, sai ya zama wanda ya zauna a gefen kujera ma yana jin muryar tana fitowa daga bakin mai magana. Yara sun daina rigimar wurin zama.

Girman akwatin ma ba ado ba ne. Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH: ƙaramin akwati, zurfin rugugi da kuzari, biyu kawai za ka samu a cikin ukun nan. Masu tsara HTM-12 sun zaɓi kuzari, suka bar rugugin ƙasa ga sabwufa, suka yi akwatin marar kauri yadda zai shige bayan allon majigi. Duk abin da ya yi ƙasa da Hertz 80 sabwufa ce take ɗauka. Ita kuma Ultimax, kai, wannan ba a cewa komai. Kunnen ɗan Adam yana fara ji ne daga wajen Hertz 20, kuma a wannan zurfi da ƙirji ake ji da tafin ƙafa. A Top Gun: Maverick, lokacin da jirgi yake tashi daga kan jirgin ruwa, har iska nake ji tana matsa ni. Dalilin yin biyu kuwa shi ne rugugi yakan taru a wani lungun ɗaki ya ɓace a wani. Da na sa ɗaya a gaba ɗaya a baya, sai ya bazu ko'ina.

Yanzu ga aikin kansa, wanda shi ne rabin daɗin. A Amurka ana sayen katakon a yanke da inji, sai dai ka shafa gam ka haɗa. Ni kuwa da na lissafa kuɗin ɗauko katako daga can, sai na ga kuɗin jirgi zai fi kuɗin kaya. Na sayo kayan lantarkin da allon gaba kawai, na ɗauki awon sauran zuwa wurin kafintan unguwarmu, dattijon da ya daɗe yana yi wa masu kiɗan biki akwatunan sifika. Ya duba zanen, ya ga sandunan da za a gicciya a ciki, ya ce, "Alhaji, wannan akwati ne ko gadon sarauta?" Na ce, "Baba, ko rabin inci kada a rage." Dalili kuwa, faɗin cikin akwati da tsawon bututun iska lissafi ne da aka yi daidai da halin wufar, bisa hanyar da Neville Thiele na Ostareliya ya shimfiɗa a 1961, Richard Small ya faɗaɗa a farkon shekarun 1970. Idan aka sauya awo, an sauya murya. Muka yi amfani da filawud mai kaurin milimita 18, domin katakon MDF ba ya shiri da laimar damina. Da muka gama na farko, Baba ya ƙwanƙwasa gefensa da ɗan yatsa, ya ji ɗif kamar dutse, ya gyaɗa kai ya ce shi ma daga yau haka zai riƙa yi wa nasa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne haɗa kwayil da kapasita, wato na'urar da take raba sauti, ta tura mai kauri ga wufa, mai kaifi ga ƙaho. Ban taɓa riƙe ƙarfen dalma ba sai a wannan karo. Na ƙona yatsa sau biyu, na ɓata dare uku, amma da na bi zanen sannu a hankali sai ga shi ya haɗu. Kuskure ɗaya na yi, kuma laifina ne: na juya wayoyin wufar tsakiya, ja ta koma wurin baƙa. Sai muryoyi suka zama fayau kamar daga cikin tulu. Maganin abin ɗan batirin rediyo ne mai bolt 1.5. Ka taɓa wayoyin da shi, kan batirin a jikin jar waya. Idan fatar wufar ta turo waje, daidai ne, idan ta shige ciki, ka juya. Minti biyar aka gama.

Bayan haɗawa sai awo. Akwai manhaja kyauta mai suna REW, da makirfon awo na miniDSP mai suna UMIK-1 da ake sokawa a kwamfuta. Da su na ga yadda falona yake kumbura wani sauti yana haɗiye wani, na gyara wurin ajiye sabwufa, na shimfiɗa kafet mai kauri, na rataya labule. Kada kowa ya tsallake wannan mataki. Ɗakin ma kayan sauti ne.

Ba fim kaɗai suka iya ba. Wata Asabar na saka tsofaffin waƙoƙin Mamman Shata don mahaifina da ya kawo mana ziyara. Ɗaukar tsohuwa ce, da ƙurarta da komai, amma kalangu ya fito da fatarsa da tsarkiyarsa, 'yan amshi suka koma bayan mawaƙin inda ya kamata su tsaya. Tsohon ya yi shiru har aka gama, sa'an nan ya ce a maimaita. A wurina wannan ya fi duk wani awon kwamfuta.

To, ba su da aibi ne? Suna da shi, kuma so bai hana ni gani ba. Manya ne, masu nauyi. Sabwufa ɗaya sai da muka kama ta mu biyu muna nishi. Kyan ganinsu ya dogara ga haƙurinka da samfefa da fenti, nawa baƙaƙe ne wuluk, uwargida ta ce sun yi kama da akwatunan lefen aljanu, sai da na ɓoye ukun gaba a bayan allon yadi mai barin sauti ya wuce aka samu zaman lafiya. Amfilifayar da take tuƙa sabwufa irin ta masu kiɗan biki ce, fankarta tana da ƙara, dole na mayar da ita wani ɗaki. Idan ka ɓata abu, babu shagon da za ka mayar wa. Sa'an nan a kula da wuta: lasifikokin ba ruwansu da soket, amma amfilifayar da aka yi wa Amurka ta bolt 120 ce, tamu kuwa 230, don haka a sayi wadda ta dace da nan, a sa mata sitabilaiza. Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Rugugin inci 18 ba ya sanin katanga. Bayan sallar isha nakan rage, kuma abin mamaki, ko a ƙasa-ƙasa ba sa rasa ko harafi ɗaya.

Hukuncina a taƙaice: ban taɓa kashe kuɗi a kan kayan lantarki na ji sun biya ni kamar wannan ba. Wanda yake zaune a ɗaki ɗaya, ko wanda ba ya son ƙurar katako a tsakar gida, ya haƙura da na kanti. Amma idan kana da falo mai faɗi, kana son fim, kana da kafintan da zai bi awo, to ka fara da ukun gaba, sabwufa ta biyo baya idan aljihu ya huce. Ka sayi gam mai kyau, ka auna sau biyu kafin a sa zarto, kuma ka tanadi batirin rediyo a kusa.