Jeri da Dabara: Nazari a kan Aikin Manaja a Wasan Ƙwallo na Intanet

Daga cikin nau'o'in wasa da zamani ya zo da su akwai wani wanda ma'abocinsa ba ya taɓa ƙwallo da ƙafa, ba ya kuma juya ɗan wasa da maɓalli sa'ad da ake fafatawa. Iyakar aikinsa ya zauna a matsayin manaja, ya sayi 'yan wasa, ya horar da su, ya jera su a fili, ya ba kowa umarninsa, sa'an nan ya janye hannu ya saurari hukuncin da kwamfuta za ta yanke. Asalin fannin daga Ingila yake, inda Kevin Toms ya fitar da Football Manager a 1982, kana 'yan'uwan nan biyu, Paul da Oliver Collyer, suka biyo da Championship Manager a 1992. Amma waɗannan duka mutum da na'ura ne ke karawa. Bayan da intanet ta yaɗu ne aka sami wanda ake yi tsakanin mutum da mutum, kamar Hattrick da Björn Holmér ya kafa a Suwidin a 1997, da Top Eleven na kamfanin Nordeus da ke Belgrade a ƙasar Sabiya, wanda ya fara a dandalin Facebook a 2010. A kan Hattrick zan fi kafa hujja, domin yana cikin waɗanda suka fi daɗewa, kuma ƙa'idojinsa a bayyane suke ga wanda ya so ya yi tadabburi a kansu.

Lambobin da manaja ke zaɓa a tsakaninsu, wato 4-4-2 da 3-5-2 da makamantansu, gado ne daga filin ƙwallo na haƙiƙa, kuma kowannensu yana da musabbabi. A farkon ƙarni na ashirin galibin ƙungiyoyi 2-3-5 suke jerawa, 'yan gaba biyar da 'yan baya biyu rak, har zuwa 1925 da aka sassauta dokar satar gida, aka rage adadin abokan hamayyar da ake sharɗanta su kasance tsakanin ɗan gaba da layin raga daga uku zuwa biyu. Da ƙwallaye suka yawaita sai Herbert Chapman na Arsenal ya jawo ɗan tsakiya ɗaya baya ya zama na uku a tsaro. Burazil ta ci kofin duniya na 1958 da 4-2-4. Sai dai masana sun sani cewa a fili lambobin nan ishara ce kurum ga inda mutum ke fara tsayuwa, kamar yadda Nándor Hidegkuti na Hangari, wanda ke sanye da lamba tara, ya riƙa komowa tsakiya a Wembley a 1953, 'yan bayan Ingila suka rasa wanda za su riƙe, aka tashi 6-3. A wasan kwamfuta kuwa al'amarin ya juya, domin gurbin da aka ajiye ɗan wasa shi ne ainihin abin da ke shiga lissafi, kuma wanda bai fahimci wannan bambanci ba zai daɗe yana mamakin yadda jerin da ya gani a talabijin ya ƙi yi masa aiki.

Ga yadda lissafin yake a Hattrick. An kasa ƙarfin ƙungiya kashi bakwai: tsakiya ɗaya, tsaro uku, wato dama da tsaka da hagu, da hari uku bisa wannan rabo. Ƙarfin tsakiya shi ke nuna wanda ya fi riƙe ƙwallo, riƙon ƙwallo kuma shi ke raba damar kai hari tsakanin ɓangarorin biyu. Idan dama ta faɗo, sai a auna harin wannan gefe da tsaron da ke fuskantarsa, ta yadda harinka na dama da tsaron hagu na abokin karawa ake ɗora su a mizani. Kowane ɗan wasa yana ba da gudummawa ga kashi fiye da ɗaya gwargwadon gwanintarsa da umarnin da aka ba shi, saboda haka idan aka ce wa ɗan gefe ya karkato tsakiya, tsakiya ta ƙaru amma harin gefen ya ragu, idan kuma aka ce wa ɗan baya ya riƙa hawa gaba, an sami taimako a tsakiya an bar kafa a baya. Har ila yau an sanya tara a kan cunkoso, ta yadda 'yan tsakiya uku da aka jera wuri ɗaya kowannensu ba ya ba da cikakken abin da zai bayar da shi kaɗai ne a wurin.

A nan ne, a ganina, kyawun wannan fanni yake, domin babu wata dabara a cikinsa da ake samu kyauta. Wanda ya zaɓi tattara hari ta tsakiya ya raunana tsaronsa na gefe, wanda ya zaɓi gefe ya raunana tsakiyar tsaronsa. Wanda ya zaɓi matsa wa abokin karawa lamba ya rage damammakin wasan baki ɗaya, nasa da na abokin gaba, kuma ya gajiyar da 'yan wasansa, abin da ya sa dabarar ta fi dacewa da mai rauni da ke neman canjaras. Wanda ya zaɓi harin ramuwa kuwa tilas ya sallama wani abu daga ƙarfin tsakiyarsa, ya yarda a fi shi riƙe ƙwallo, bisa fatan cewa 'yan bayansa za su tare hari su mayar da shi. In tsaron nasa bai kai ba, ya yi asara biyu ke nan. Wannan awo na maslaha da mafsada, inda ba a tambayar wace dabara ce ta fi kyau a zatinta sai dai wacce ta dace da waɗannan mutane goma sha ɗaya a gaban wancan abokin hamayya, shi ne darasin da na ga ya cancanci a kira shi ilimi.

Abin da ya fi wannan zurfi, wanda sabon shiga ba ya lura da shi sai ya kwana biyu, shi ne cewa jerin ranar wasa ɗaure yake da makonnin da suka gabata da masu zuwa. Kakar wasa mako goma sha shida ce, rukuni yana da ƙungiyoyi takwas, kowacce tana wasan lig goma sha huɗu, ana yin ɗaya a ƙarshen mako, a tsakiyar mako kuma a yi na kofi ko na sada zumunci. Kafin kowane wasan gasa ana tambayar manaja irin himmar da yake so 'yan wasansa su sa: in ya ce su sassauta, ƙarfin tsakiyarsu ya ragu a ranar amma ƙwarin gwiwar ƙungiya ya ƙaru don gaba, in ya ce wannan shi ne wasan shekara, su ba da iyakar ƙarfinsu a ranar, sa'an nan su yi makonni suna biyan bashin. Haka nan horo, wanda shi ne tushen arzikin ƙungiya, fanni ɗaya ake zaɓa a mako, kuma waɗanda suka buga a gurbin da ya dace ne suke cin moriyarsa. Mai horar da 'yan tsakiya dole ya cika tsakiya da mutum biyar ko da abokin karawar yau ya fi cancantar a tare shi da 'yan baya biyar, mai renon 'yan gaba kuwa dole ya jera uku. Ga kuma sabo: jerin da ƙungiya ba ta saba da shi ba yana iya jawo ruɗani a tsakiyar wasa, tsari ya wargaje. Ashe manaja ba shi da 'yancin da ake zato; kowane ƙarshen mako yana sulhunta buƙatar yau ne da ta baɗi.

Da yake kuma umarni kafin wasa ake bayarwa, har da canjin 'yan wasa, wanda ake rubutawa da sharaɗi, cewa in an kai minti kaza muna baya da ci ɗaya a fitar da wane a shigar da wane, sai aikin ya yi kama da dara, inda gwani ke cin wasa tun wajen dasa 'ya'yansa, kafin a fara motsa ko ɗaya. Abokin karawar kuma ɗan Adam ne mai wayo, kuma rahoton wasanninsa na baya a buɗe yake ga kowa, kamar yadda naka yake a buɗe gare shi. Saboda haka ake samun wanda zai yi makonni yana kai hari ta dama don a ɗauka can ƙarfinsa yake, ranar babban wasa ya mayar da gwaninsa hagu, da wanda zai ɓoye ƙarfinsa a wasannin da ya tabbata zai ci. Na fi ganin darajar wannan ɓangare a kan sauran duka, domin a nan ne firasa da sanin halin mutum suke shigowa cikin abin da zahirinsa hisabi ne tsantsa.

Amma fannin yana da illa babba, kuma daga asalinsa take. Injin da ke yanke hukunci mutane ne suka rubuta shi, yana da kafofi, kuma da zarar wani ya gano kafa sai labari ya bazu, dubban manajoji su kwafi jerinsa ba tare da sanin dalili ba. Misalin da ya shahara shi ne dabarar da aka laƙaba wa suna Diablo a Championship Manager na kakar 2003/04, inda ake umartar ɗan tsakiya ɗaya ya riƙa kutsawa har gaban raga, 'yan bayan kwamfuta kuwa ba su san yadda za su bi shi ba, ya yi ta zura ƙwallaye ba adadi. A Hattrick ma, saboda fifikon da lissafi ya ba tsakiya, an daɗe ana ganin jerin mai 'yan tsakiya biyar ya mamaye ko'ina. Wannan taƙlidi ne a wurin da aka buɗe ƙofar ijtihadi, kuma mai yin sa, ko da ya ci kofi, injin ya sani, ƙwallo kuwa bai ƙaru da saninta ba. Masu shirya wasannin sun yi ta gyara. Ɗaya daga cikinsu, Sports Interactive, a fitowar Football Manager ta 2014, ta kawar da ma'aunan da ake ja sama da ƙasa ta maye gurbinsu da ayyuka da umarni irin waɗanda koci ke furtawa da baki, domin a matsar da tunanin mai wasa daga lamba zuwa ƙwallo. Gyaran ya taimaka, amma bai kashe cutar ba, domin duk shekara sai an sami sabon jeri da ake yayatawa cewa ba ya faɗuwa.

Illa ta biyu ta kuɗi ce. A Top Eleven da ire-irensa ana sayen alamomin ciniki da kuɗi na gaske, a yi amfani da su wajen neman 'yan wasa, don haka mai hali yana iya rufe raunin dabararsa da aljihunsa. Hattrick kuwa ta tsaya a kan cewa abin da mai biya ke samu ƙarin kayan duba ne da ado, ba ƙarfi a fili ba. Ina ganin matsayi na biyu shi ne adalci, domin gasar da ake sayen rinjaye a cikinta ta daina auna hankali.

Saura tambayar da matasanmu na gidajen kallon ƙwallo za su so a amsa, su da ke kwana suna muhawara a kan kuskuren koci: shin wanda ya gwanance a nan ya san aikin horarwa? Akwai alaƙa, ba a musu. Everton ta ƙulla yarjejeniya da Sports Interactive a 2008 don amfani da taskar bayanan 'yan wasanta, kuma Will Still, wanda ya jagoranci Reims ta Faransa tun yana ɗan shekara talatin, ya faɗi cewa wasan Football Manager yana cikin abin da ya sa masa sha'awar aikin, ko da yake a filayen horo na Beljiyam ya koye shi shekara da shekaru. Abin da wasan ke koyarwa shi ne duban fili kashi-kashi, da lura da inda aka fi ka yawa, da haƙurin gina ƙungiya. Abin da ba ya koyarwa kuwa shi ne yadda ake sa umarni ya zama aiki a ƙafafun mutane. Arrigo Sacchi, da ya ci kofin Turai da Milan a 1989 da 1990, 4-4-2 yake jerawa kamar masu horarwa da dama. Abin da ya bambanta shi shi ne ya nace kada tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan gaba ta wuce kimanin mita 25, kuma ya riƙa sa 'yan wasansa, Baresi da Maldini da sauransu, su yi ta maimaita motsi tare a filin horo, wani lokaci ba ma tare da ƙwallo ba, har ya zama musu ɗabi'a. A kwamfuta wannan duka zaɓi ɗaya ne da ake latsawa, 'yan wasa kuma su bi ba gardama, babu mai jin haushin an ajiye shi a benci har ya ɓata wa sauran rai a ɗakin sauya kaya, sai gwargwadon abin da marubutan injin suka ga damar sanyawa.