Sharhi a kan littafin Maganar Hannu na Constanze Schmaling

A shekarar 2000 aka buga littafin Maganar Hannu a ƙasar Jamus. Marubuciyar, Constanze Schmaling, ta gudanar da bincikenta ne a tsakanin kurame da bebaye na birnin Kano cikin shekarun 1990.

Babbar gudummawar littafin ita ce tabbatar da cewa maganar hannu harshe ce mai cin gashin kanta. Kamar yadda ake rarraba kalmar Hausa zuwa baƙaƙe da wasula da karin sauti, haka marubuciyar ta rarraba kowace alama zuwa siffar hannu, da wurin da ake yin ta, da motsi, da inda tafi ya fuskanta, da yanayin fuska. Sauya ɗaya daga cikinsu yana iya sauya ma'ana. Wannan ya rushe tunanin masu ɗaukar ta a matsayin nune-nune kawai, ko kuma Hausar baka da aka mayar a hannu.

Sai dai aikin yana da giɓi uku. Na farko, ya fi ƙarfi a kan tsarin alamomi da ƙirar kalma, ginin jimla kuwa bai samu irin wannan kulawa ba. Na biyu, Kano ce tushen misalan, don haka ba za a yanke hukunci da su a kan bebayen Damagaram ko Maraɗi ba, sai an je an bincika. Na uku, da Ingilishi aka rubuta shi, harshen da akasarin masu maganar ba sa karantawa.

Muhimmancin littafin yana ƙara fitowa idan aka dubi makarantu. Tun da Andrew Foster ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, alamomin Amurka suka mamaye azuzuwan Afirka ta Yamma, na gida kuwa aka bar su a kasuwa da zaure. Dokar Nijar ta 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, babu na kurame a ciki, alhali Afirka ta Kudu ta mayar da nata harshen hukuma a 2023.

Harshen da ba a siffanta ba yana da wuyar shiga doka ko manhaja. Saboda haka, ɗalibin da ke neman batun kundi zai iya farawa daga inda Schmaling ta tsaya: ginin jimla, da kwatanta alamomin Kano da na garuruwan Nijar.