Zamani Biyu a Littafi Ɗaya: Abin da Shaihu Umar Ya Bari

Littafin *The House on Foster Hill* na Jaime Jo Wright (2017) yana cikin ƙagaggun labaran Kirista na Amurka masu tafiya a zamani biyu. Kaine ta sayi tsohon gida a Wisconsin. Ivy kuwa, shekara ɗari kafin nan, tana bin sawun wata matashiya da aka tsinci gawarta kusa da gidan. Akwai soyayya, akwai addu'a, amma abin da ya ɗaure matan biyu shi ne fataucin mutane.

Wannan salo ba baƙo ba ne a wurinmu. A *Shaihu Umar* (1934), Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zaunar da malami a Rauta yana ba almajiransa labarin yadda aka sace shi yana yaro, da yadda mahaifiyarsa ta faɗa bauta garin nemansa.

Sai dai zaman Rauta tabarma ce kawai aka shimfiɗa wa labari. Almajiran sun saurara sun tashi, ba wanda tarihin ya taɓa. Wright kuwa ta sa jiya ta biyo yau bashi, ko da yake soyayyarta ana hango ƙarshenta tun daga nesa.

Marubutanmu, ga tarihin Isawa, daga Kano zuwa Ningi, har haɗuwar zuriyarsu da Dokta Miller a Zariya. Wa zai rubuta jikanyarsu ta yau, tana tambayar abin da aka ɓoye mata?